Kawo Hannu

Idan aka tambaye ni me ya sa na daina bi ta ƙofar makarantar nan ta bakin layinmu, sai in ce ciwon gwiwa ne. Ƙarya nake yi. Hanyar da nake zagayawa ta fi nisa, ga kwata ga 'yan adaidaita. Takaici ne ya hana ni bi. In na ga ƙaton allon da suka kafa, an zana yara sanye da hular injiniya suna washe baki, an rubuta wai ana koyar da sana'a da fasaha, sai in kau da kai. A makarantar nan jikata Ummi take, ajin farko na ƙaramar sakandare. Sunan marigayiya matata aka sa mata, shi ya sa ubanta ba ya iya kama sunan. Ni amarya nake ce mata, ita kuma ta ce min tsoho mai ran ƙarfe. Cikin 'ya'yana da jikokina kaf ita kaɗai ce hannunta yake ƙaiƙayin aiki. Tun tana rarrafe take biyo ni zaure tana tsintar guntayen fata tana kaiwa baki, da ta yi wayo ta koma haɗa su da zare. Ban taɓa cewa sai ta gaji dukanci ba, ta zama duk abin da Allah ya nufe ta da shi. Fatana ɗaya ne, kada a kashe mata wannan ƙaiƙayin, don na ga yara da yawa da aka kashe wa nasu, kuma ban ga wanda nasa ya dawo ba.

Ni kaina ba gadon dukanci na yi ba. Ubana fatauci yake yi da goro, a gidanmu ko takalmi ne ya tsinke waje ake kai shi. A elementare na koya, makarantar da aka tura mu muna kuka iyayenmu mata suna kuka. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce da aka rataye a jikin darbejiya, kuma in aka buga ta bayan an dawo daga tara ranar aikin hannu, sai ka ga yara sun zabura kamar an ce ga tuwo. Akwai wata rumfa a bayan azuzuwa. Har yau in na rufe ido ina jin ta: ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, ƙwanƙwasar guduma, warin jiƙaƙƙiyar kaba da na fata, da wani yaro can gefe yana tsotsar yatsa ya soke kansa. Ƙanana su ne masu jan ruwa a rijiya a jiƙa kaba, su ne masu shara da kwashe tarkace. Daga nan a sa ka tufka igiya har tafin hannunka ya yi ja. In ka iya sai a matsa da kai saƙar faifai da mafici. Wuƙa kuwa ba a ba ka ita ka yanka komai sai ka iya wasa ta, kuma ka iya miƙa wa ɗan'uwanka ita ta ƙota. Wani lokaci a jera mu a shiga da mu cikin gari, mu tsuguna gaban maƙeri ko masaƙi mu yi ta kallo, sai mun dawo a tambayi kowa abin da ya gani.

Kada wani ya ce tsoho yana yabon zamaninsu ne kawai. Mun sha duka, mun sha yunwa, 'yan matan ajinmu kuwa ba su cika benci guda ba. Malamin aikin hannun ma ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Gajere ne, baƙi, haƙoransa jajaye don goro, in ka bar basilla a ƙasa sai kunnenka ya gaya maka. Abin da yakan ce mana shi ne, “Ni ba kayanku nake dubawa ba, kaya ai suna nan jibge a kasuwa.” Ba mu gane abin da yake nufi ba sai da ƙarshen shekara ya zo, aka ce kowa ya je gida ya yi abu guda shi kaɗai ya kawo.

Ni alabe na zaɓa, 'yar jakar fatar nan ta zuba kuɗi. Wani baduku maƙwabcinmu ya ba ni ragowar fatar akuya da ɗan kuloko a gwangwani, wato baƙin rinin da dukawa suke jiƙawa da tsatsar ƙarfe, mai ɗan karen wari. Na ɓuya a bayan ɗakin uwata na yi ta fama. Abin da ya fito, subhanallahi, kamar busasshen kwaɗo. Baki ya karkace, ɗinki wani wuri gajere wani wuri kamar takun raƙumi, baƙin da na so in ja layi da shi ya malale ko'ina. Ranar kawowa kowa ya baje nasa a tabarma, ni na cusa nawa a aljihu ina addu'ar Allah ya sa Malam ya manta da ni. Bai ko kalli tabarmar ba. Ya zauna a kujerarsa ya kira ni, ni ne na farko, ya ce, “Kawo hannu.” A kowane aji na makarantar nan in malami ya ce kawo hannu, tsumagiya ce za ta biyo baya. Na miƙa, na runtse ido, na ɗauke numfashi.

Sai na ji ya kama hannun ya juya shi. Ya duba faratan da suka yi baƙi ƙirin, ya duba manunin hagu da basilla ta yi wa kaca-kaca, ya kai hancinsa ya sunsuna. Ya ce, “Kai ka yi.” Ba tambaya ba ce. Ya miƙe ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe, ya ce da yara, “Ku kalla da kyau, wannan hannun ya sha aiki.” Sannan ya ce in fito da abin. Da ya gani ya yi dariya har da ƙwalla. “Mummuna ne, wannan ba gardama. Amma naka ne.” Ya nuna min cewa duk sukan a wuri guda suke saboda ina ajiye yatsa daidai inda basilla za ta ɓullo, ya kama yatsan ya matsar da shi kaɗan, ya ce in huda. Na huda, ban soku ba. Bayana aka kira wani ɗan mai hali da ya kawo kube mai kyau kamar a sa a gaban sarki. Malam ya shafa tafin hannunsa, lukwi kamar na jariri, ya miƙa masa kubensa ya ce, “In ka koma ka gai da wanda ya yi, ka ce na yaba.” Bai dake shi ba, amma na tabbata yaron ya gwammace dukan.

Da na je gida ubana ya ga hannuna ya ce, “Makaranta na kai ka ko gidan dukawa?” Uwata kuwa ta karɓi busasshen kwaɗon ta ɗaure a bakin zane, da shi take zuwa unguwa. Daga ranar nan ban ƙara jin kunyar baƙin farce ba. Da na gama makaranta na koma wajen maƙwabcin nan namu na zauna, kuma da wannan basillar na yi aure, na yi gida, na kai 'ya'yana makarantun da suka fi tawa.

To, zo ka ga makarantar Ummi. Gidan wani ne aka yayyanka da bulo, ba fili ba bishiya, malamai mata an koma ce musu Anti. Suna da darasin fasaha, suna da littafi mai kauri cike da hotuna. Wata rana na same ta tana hadda, ta zana zarto tsaf, ta ja kibiyoyi ta rubuta sunan kowane sashe da Turanci. Na ce, “Amarya, kin taɓa riƙe zarto?” Ta ce, “Haba tsoho, ai ba ya fitowa a jarrabawa, zanen ne yake fitowa.” Tabɗi! Yaro ya san sunan haƙoran zarto da Turanci, bai san ta ina yake ci ba. Aikin hannu kuwa yana nan, sunan bai mutu ba. Ƙarshen kowane zango za ka ga yara sun nufi makaranta ɗauke da tsintsiya da mafici da faifai sababbi fil, wasu ma sabulu da omo, wai aikin hannu. Yaushe ɗan makaranta ya fara ƙera omo? Har masu talla sun gane lokacin, suna zuwa su baje a bakin ƙofa da sassafe saboda wanda uwarsa ta manta. Malamai su rubuta maki, su raba kayan su tafi gida. Tir da wannan abu, wallahi.

Ummi ce da kanta ta zo ta same ni a zaure. Ta ce Anti ta ce wannan karon abin fata za a kawo, kuma ita ba ta so a saya mata. “Ni zan yi da kaina. Kai dai ka zauna ka yi ta surutunka.” Na ce, “Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙa min ba?” Ta ce in jira in gani. Ranar na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na zaro fata mai laushi da nake ta ɓoyo, na ce ga sharaɗi, ba zan taɓa ba, baki kawai zan sa. Asabar da Lahadi muka yi a kai. Ta wasa wuƙa, ta yanka ya karkace, ta sake. Ta soki yatsa ta yi tsalle tana yarfe hannu, na ce ta matsar da shi kaɗan, ta matsar. Da muka zo wajen baƙi na ce ta bari kawai a bar fatar ja, ta ce ina, sai ta ja layi irin na jakata. Ta toshe hanci da hannu ɗaya tana dariya, tana cewa ashe abin da ya sa nake wari ke nan. Jakar ta fito da ɗan karkacen baki, amma wallahi ta fi tawa ta farko nesa ba kusa ba. Ta rataya ta shiga cikin gida tana nuna wa kowa, har da akuya.

Ran Litinin bayan an tashi ban ji sallamarta ba, ita da take fara leƙo ni kafin ta cire takalmi. Na shiga ciki na same ta tsugune a bakin rariya, ta zuba ruwan bilicin wanki a roba, tana dirzar yatsunta da soson ƙarfe na tukunya. Fatar ta saɓule, har jini ya fara tsattsafowa. Na fizge soson na ce, “Ke, lafiyarki?” Ta ƙi kallona. Sai da na zauna a ƙasa kusa da ita, da gwiwar tawa da komai, sannan maganar ta fito guntu-guntu. Ashe ran Litinin ake duba farce a layin asambule. Anti ta zo kanta, ta ga baƙi, ta sunsuna, ta ja ta gaban makaranta gaba ɗaya ta ɗaga hannunta sama ta ce kowa ya kalli misalin ƙazanta. Aka sa ta durƙusa har aka shiga aji. Yara suka sa mata suna mai warin jima, wadda suke zama benci ɗaya ta ja jakarta ta matsa. Na ce, “Ba ki gaya mata aikin da ta sa ku ne ba?” Ta ce, “An ce ba a magana a layi.” Jakar kuma, da aka karɓa a aji, makin da aka ba ta shi ne na ƙasa, don ita kaɗai ce karkatacciya.

Washegari na sa babbar riga na tafi. Antin yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba, ta gaishe ni da ladabi har da ba ni kujera. Na ce, “Malama, kin tambayi yarinyar nan abin da ya ɓata mata hannu?” Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ka ga yawan yaran nan. In na tsaya tambayar kowa ba za a shiga aji ba. Tsafta kuma doka ce a kan kowa.” Na ce to makin fa? Ta ce kyau ake dubawa da kammaluwa, kuma nata bai kai na sauran ba. Ga na sauran nan tuli a kan tebur, suna ƙyalli. Na ɗauki ɗaya na juya, na gane ɗinkin, na wani ne da ya koyi aiki a zaurena, yanzu yana da rumfa a kasuwa. Na ce, “Waɗannan yaran ne suka yi?” Ta yi murmushi ta ce, “Baba, ai kowa ya sani.” Na ce mata na san ma wanda ya ɗinka. Ko a jikinta. Cewa ta yi, “To ka gani, ai masu sana'a ma suna samun ciniki.”

Wannan “kowa ya sani” ɗin shi ya fi ƙona min rai. Da ta yi musu ma da na ji sauƙi. Malama ta sani, uwa ta sani, yaro ya sani, a haka ake koya masa tun yana ɗan mitsitsi cewa ka ɗauko aikin wani ka ce naka ne, a tafa maka. Gobe a ce gada ta rufta, a yi ta salati ana neman wanda ya jawo. Na ce a nuna min ɗakin koyon sana'ar da aka zana a allo. Ta tashi ta kai ni. Akwai ɗakin, har da rubutu a saman ƙofa. Ciki katan-katan na biskit ne da ledojin ruwa da ake sayar wa yara lokacin tara. Ban ga ko ƙusa ba. Na tambaye ta ko ita an taɓa ba ta guduma a inda ta yi karatu, ta ce su ma zane suka yi. Daga nan na rasa wanda zan yi wa faɗan, na sa takalmina na fito.

Da yamma na tari ubanta, ɗana na fari, ya dawo daga ofis. Ban gama ba ya ce, “Baba, da ka bari an saya mata kamar kowa, da duk wannan bai faru ba. Ni likita nake so ta zama.” Na ce, “Likitan da ƙafa yake ɗinke mutane?” Ya yi dariya ya ce Baba ke nan, wayarsa ta yi ƙara ya tashi. Ɗan da basilla ta biya wa kuɗin makaranta ke nan. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba.

Baƙin ya fita daga faratan Ummi a hankali, ciwon ma ya warke. Sunan ne bai fita da wuri ba, har a islamiyya sai da ya bi ta. Ta daina zama a zaure. In za ta wuce sai ta gaishe ni daga bakin ƙofa, hannuwa cikin hijabi, ta wuce da sauri. Na gwada tsokanarta, na ce amarya ta yi yaji, ta yi ɗan murmushi kawai. Na ajiye guntayen fata masu launi a inda za ta gani, suka yi ta zama har na share su. Na ce wa kaina yarinta ce, a bar ta, in zango ya zagayo za ta dawo.

Zangon ya zagayo. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ta ta shigo zaure har ciki, ta zauna a inda ta saba zama. Ta ce an sake cewa a kawo abin fata, jakar saka wayar hannu ake so. Kafin ta rufe baki na jawo akwatin kayan aiki, ina ta zuba, ina cewa wannan karon za mu nemi safar hannu ta roba, ba abin da zai taɓa mata farce, ko ma mu bar baƙin gaba ɗaya. Na miƙa mata wuƙa. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, “A'a, ba ni zan yi ba. Babana ya ce a saya, ni kuma na ce naka ya fi na kasuwa kyau. Kai za ka yi min.”

Na ce, “Ni? Ai ke aka sa.”

Ta ce, “Don Allah, tsoho. Kai ai hannunka ya riga ya ɓaci.”

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, ba kuma wasan jika da kaka ba ne. Tsakaninta da Allah ta faɗa, tana kallona tana jiran amsa. Na so in ƙi. Sai na tuna in na ƙi kasuwa za a je, in kuma na tilasta mata, ni za ta haɗa da fatar ta tsana gaba ɗaya. Na ce ta je, za a yi. Ta yi godiya ta tashi ta shiga ciki wajen talabijin.

Na zauna ni kaɗai na yanka, na huda, na ɗinka, na ja layin baƙi ko karkacewa bai yi ba. Ran Litinin ta ɗauka da leda don kada ya taɓa mata hannu. Ita ta fi kowa maki a ajin.